Ƙwaryar da Na Ƙi Fasawa

Ranar kasuwar Filinge da ta wuce ina zaune wurin mai shayi a bakin tasha, sai wani saurayi cikin sababbin malaman nan na kwantiragi ya miƙo mini wayarsa har kusa da hancina. Ya ce, "Baba Idi, ga aikinku na shekara talatin nan, dut ya shige cikin wagga." Abokansa suka kwashe da dariya. Na sa tabarau na duba. Ya rubuta kalmar Ingilishi mai harafi biyu, "on", wayar ta ba shi "sur" da Faransanci, ta ba shi "a kan" da Hausa. Ya ce darasin da nake kashe wa mako biyu, shi minti ɗaya ya ishe shi.

Ban yi fushi ba, amma ban ƙyale shi ba. Na nuna masa ƙadangaren da ke manne a bangon shago, na ce wannan a kan bango yake ko a jikin bango? Ya ce a jiki. Na ce to mai Ingilishi "on" zai ce. Na nuna masa ƙudan da ya liƙe a ƙarƙashin rufin rumfa, ƙafafu sama, na ce shi ma "on" ne. Na tambaye shi ko ranar Litinin tana da bisa da ƙasa. Ya ce a'a. Na ce to ita ma da "on" ake kama ta. Mai tafiya da ƙafa "on" ne, mai tafiya a babbar motar fasinja "on" ne, amma da ya sauka ya shiga ƙaramar mota, kalmar ta guje masa. Ya tsaya yana latse-latse har shayinsa ya huce. Shi da ire-irensa nake yi wa wannan rubutu, masu ganin koyar da Ingilishi a ƙasar Kurfai zaman inuwa ne da jiran ƙarshen wata.

Wanda ya koya mini aikin nan wani tsohon malami ne ɗan ƙasar Gana, muna ce masa Mista Mensa. Shi ya koyar da mu a kolej, shi kuma na tarar lokacin da na dawo daga Yamai da takardata, ina jin kaina kamar na haɗiye ƙamus. Ranar farko da na riƙe aji a gabansa, na cika allo da jerin kalmomi, Ingilishi a hagu, Faransanci a dama, layi a tsakani miƙe sambal. Yara suka kwafa tsaf, ni kuma ina ta hura hanci. Da aka kusa tashi, ya kira yarinyar da ta fi kowa kyan rubutu, ya miƙa mata akwatin ashana, ya ce mata da Ingilishi ta sa shi a kan tebur. Ta kalle shi, ta kalli littafinta. Ta buɗe, ta nemo kalmar, ta mayar da ita Faransanci, ta mayar da Faransancin Hausa a cikin kanta. Kafin hannunta ya motsa duk mun gaji da jira. Ya juyo ya ce mini da Hausarsa ta 'yan kurmi, "Idi, ka koya wa littafi, ba ka koya wa yaro ba." Ya goge allon nan kaf da hannun rigarsa, ya fita.

Na kwana biyu ba na gaishe shi da kyau, amma gaskiyarsa ce. Yaronmu na nan yana zuwa da Hausa daga gida, wani da Zabarmanci ko Fulatanci, an ɗora masa Faransanci tun firamare, sannan mu zo masa da Ingilishi, kaya na uku ko na huɗu. Manyan kalmomi irin su doki da kasuwa da ruwa sukan jure wannan zagaye, su iso da ransu. Ƙananan nan masu nuna inda abu yake, a hanya suke mutuwa. Dole su tashi daga kunne su sauka a hannu kai tsaye, ba tare da sun biya ta wani yare ba.

Da Mista Mensa ya koma ƙasarsu ya bar mini akwatin ashanarsa. Na adana shi don girmamawa, na nemi kayan aiki irin namu. Ƙwarya babba, ta kusa masaki. Dutse guda mai santsi da na tsinto a gindin tsaunin nan mai kallon babban kwarin da muke ce wa dallol. Sanda gajera. Alli kuwa, in an samu a gode, in ba a samu ba aiki bai tsaya ba. Sai in kifa ƙwaryar a tsakiyar aji, in aza dutsen a bayanta, in ce "on". In ɗaga shi tsawon ɗan yatsa, in yi shiru, in girgiza kai. In mayar ya taɓa, in ce "on". Sirrin kalmar taɓawa ne: abin da ya taɓa wani abu ya zauna da shi ko ya manne masa. Daga nan in ɗebi jiƙaƙƙen yumɓu in manna a bango, in manna a ƙarƙashin tebur, su ga bisa da ƙasa ba su ne maganar ba. Sannan yara su tashi da jikinsu. A hau benci, a sauka, a shiga ƙarƙashin tebur, a yi taku a zagaya aji, suna faɗin abin da suke yi da ƙarfi, ni kuma ina buga bayan ƙwaryar da sanda don bakinsu ya zo ɗaya. Ajina ya fi kowane aji hayaniya a duk makarantar da na zauna, ban kuma taɓa ba kowa haƙuri a kan haka ba. Yara suka sa mini Mushe Ƙwarya. Mushe shi ne yadda ake kiran malamin lakwal, wato makarantar boko, a nan, ƙwaryar kuwa kun ji inda ta fito.

Ba yara kaɗai nake da su ba. Bayan la'asar magidanta kan zo ƙofar gidana, masu shirin tafiya kurmi bayan girbi, Legas ko Kumasi, kowa yana son Ingilishi cikin kwana goma kamar ana auna shi da tiya. Na tuna wani Bafulatani, Baidari, da ya zo mini da kwalbar maganin kaska da ya saya a kasuwar Abala, rubutun jikinta duk Ingilishi. Ya riga ya shirya ɗura wa shanunsa a baki, wani ya ce ya fara nuna wa Mushe. Na karanta. Magani ne da ake zubawa a gadon bayan saniya, daga wuya zuwa gindin wutsiya, kuma abin da ya faɗi haka duka harafin nan biyu ne da saurayin mai waya yake rainawa. Na ɗauki buta na nuna masa a bayan akuyata. Ya daɗe yana kallon kwalbar, sannan ya ce in nuna masa kalmar. Ya sa farce ya yi mata alama.

Amma abin da nake so ku ji shi ne shekarar da aka so raba ni da ƙwaryar.

An tura ni wani gari arewa da Filinge, kan hanyar Abala. Ba zan faɗi sunansa ba, don mutanen da zan ambata 'ya'yansu suna nan. Ƙaramar kolej ce sabuwa, azuzuwanta na zana da kara. Daminar da ta gabata ta ƙi, hatsi ya bushe yana tsaye kafin ya fid da kai. Kafin bazara ta yi nisa, gidaje da yawa sun koma kan anza, 'ya'yan itacen nan masu ɗaci da sai an jiƙa su kwana da kwanaki ana sauya ruwa kafin su ciwu. Ni ke da 'yan ajin ƙarshe, masu jarrabawar birebe a ƙarshen shekara. Wadda ta fi kowa a cikinsu ita ce Rabi, ɗiyar Baba Nomau.

Sai kun san Baba Nomau za ku gane sauran. Manomi ne da ake misali da shi. Shi ke fara shuka, shi ke fitar da zakkar da ta fi ta kowa, baƙon da ya rasa masauki gidansa ake kai shi. Rumbunansa uku suna tsaye a bakin hanya, a liƙe da laka. A shekarar nan mutane in sun wuce sukan kalle su su ji sanyi a rai, suna cewa ko ba komai irin shuka yana wurin Nomau.

Wata Laraba da hantsi, zafi kamar ana gasa mutum, muna cikin darasinmu. Na ce Rabi ta hau benci. Ta hau. Ina buga ƙwarya, aji yana amsawa. Ta buɗe baki za ta faɗi nata, sai na ga idanunta sun juye, ta sulale ta faɗi tsakanin tebura, ƙafafunta suna rawa. 'Yan mata suka fasa ihu, suka ture zana suka watse cikin gari. Na aika a kira matata Haju, don gidanmu yana bayan makaranta. Ita da wata malama suka ɗauke ta zuwa ɗakinmu.

Da na je gida da rana, Haju ta ja ni gefe. Ta ce ta yayyafa mata ruwa ta farfaɗo, ta dama mata fura, yarinyar ta shanye kwano guda ba ta ɗaga kai ba. Da ta gama sai ta fashe da kuka, ta riƙe zanen Haju tana cewa, "Inna, don Allah kada Baba shi ji an sani. Kwana tara ke nan anza muke ci, sau guda. Ta jiya ma ba ta gama jiƙa ba." Rumbunan nan uku babu ko zangarniya a ciki. Ya raba wa dangi tun farkon rani, ya mayar ya liƙe su yadda suke.

Kafin magariba gari ya ɗauka, amma ba wannan labarin ba. A ƙasarmu kowa ya san Babule, iskokin nan da in sun hau mutum yakan miƙe yana taku irin na soja, yana kumfa, yana yaren nasara. Kowa kuma ya san da kifaffiyar ƙwarya ake kiransu a wurin wasa. To ga mutum ya kifa ƙwarya yana bugu, ga yara suna taku suna yaren nasara, ga yarinya ta faɗi tana rawar jiki. Ko ni aka ba wa labarin daga nesa, sai na yi jim. Washegari cikin yara talatin da wani abu, biyar suka zo, biyu a ciki 'ya'yan darakta ne.

Daraktanmu Saini, Bazabarme ne daga Damana, mutumin kirki mai tsoron takarda. Ya kira ni ofishinsa, wanda shi ma zana ne. Ya ce saura mako biyu a aika sunayen masu jarrabawa, yaron da ba ya zuwa aji dole a soke shi, kuma in ajin ya zauna wofi sai ya rubuta wa manyanmu, su kuwa ɗauke ni za su yi. Ya ce, "Idi, kai Bakurfe ne, ka san mutanenku. Ka fasa ƙwaryar nan a gabansu, ka ce ka bari, a wuce wurin."

Na ce, "Darakta, in na hwasa ta, na yarda ke nan tsahi nike yi. Gobe yaro shi yi tari su ce alli ne. Sai in hwasa allo?"

"To ka faɗa musu abin da ya kayar da ita. Na san matarka ta sani."

"Wanga ba nawa ba ne da za ni hwaɗi."

Ya dafe kai ya ce Allah ya raba shi da taurin kan Kurfayawa. Na ce amin, ya haɗa da na Zabarmawa.

Ranar Asabar bayan la'asar maigari ya tara mu a ƙofar gidansa, ƙarƙashin gawo. Dattawa sun cika tabarmi, liman yana gefe, ni kuma na zo da ƙwaryata a hammata, abin da ya sa wasu suka matsa baya. Baba Nomau ya zo cikin farar riga mai guga, sai dai wuyan rigar ya yi masa yawa. Shi aka fara ba magana.

Ya ce, "Ranka shi daɗe, ɗiyata lahiya lau ta hita gidana. Ta ci ta ƙoshi. Wanga mutum ya hau da ita bisa banci, shina kiɗin ƙwarya, shina yaren nasara, har ta hwaɗi. Mi ya rage ga wasan Babule in ba goge ba? Ta ci ta ƙoshi, ranka shi daɗe."

Sau biyu ya faɗa, ba wanda ya tambaye shi.

Maigari ya juyo gare ni. "Mushe, ka ji. In ba ƙwaryarka ba, mi ya kada ta?"

Maganar tana bakina, kalma uku ta isa in wanke kaina. Na ji haushi ƙwarai, ba zan ɓoye ba: mutum ya san gaskiya, ya zauna yana shafa mini baƙin jini a gaban gari. Na kalle shi. Yana riƙe da carbi a kan gwiwarsa. Na kalli dattawan nan, rabinsu anza ce a cikinsu, kuma abin da ya riƙe su shi ne rumbuna uku na bakin hanya. In na buɗe baki, mutumin nan ba zai sake ɗaga kai a garin ba, Rabi kuwa ba za ta sake taka lakwal ba ko da sarki ya roƙa.

Na ce, "Ranka shi daɗe, angile, yaren nasaran nan, aka aiko ni in koyar. Shi na sani."

Na ajiye ƙwaryar, na aza dutsen, na faɗi kalmar, na ce ma'anarta bisa, ba ta kiran kowa. Wani daga baya ya ɗaga murya ya ce a fasa ta kawai a huta. Nan kaina ya ɗau zafi. Na ce, "Ba ni hwasa ta. Ku sa a rubuta Yamai a ɗauke ni. Da ƙwaryata za ni tahi, inda duk na sauka da ita za ni koyar. Amma ɗiyanku ne za su zauna babu jarrabawa, ba nawa ba."

Wuri ya kaure. Liman, tsoho ne mai ƙarancin magana, tun da aka fara yana kallona yana kallon Nomau. Ya ɗaga hannu aka yi shiru. Ya ce, "Ƙwarya ba ta da laihi, da ita muke shan hura. Kihe ta da kiɗinta su suka tada hankalin mutane. A bar kihe ta, a bar kiɗi." Maigari ya ce haka za a yi. Na ce na yarda, za ta zauna a buɗe, amma ba ta fita aji. Na kuma roƙi liman ya zo ran Litinin ya gani da idonsa, don kada a ce na sake wata dabara. Baba Nomau ya tashi bai yi wa kowa sallama ba.

A gida na zauna ina juya ƙwaryar. A buɗe, dutse ciki zai faɗa, darasin ya lalace. Haju tana tankaɗe, ta ce, "Malam, a ruhe ta da faifai mana, ka aza abinka bisa." Na ce ƙwarya wofi a rufe da faifai, ai sai su ce na ɓoye wani abu a ciki. Ta ci gaba da tankaɗenta. Can ta ce, "To a zuba mata abin da ake zuba ma ƙwarya." Muna da buhun hatsi biyu da na sayo daga Filinge. Ta ce in mun rage tuwo zai kai mu damina. Wannan dabarar ta Haju ce, na faɗa a nan don shekaru ana yaba mini ita.

Ran Litinin yara bakwai suka zo, liman ya zo da sandarsa. Ga ƙwarya a kan tebur, a rufe da faifai, ludayi ya maye gurbin dutse. Ya ɗaga faifan ya leƙa. Fura ce mai ruwa-ruwa, nonon ciki na fita kunya ne kawai. Ya kalle ni, ya daɗe. Ya yi bisimilla, ya ɗiba ya sha, ya goge gemu ya ce, "Barkono ya yi kaɗan." Bayan azahar ya faɗa wa mutane a ƙofar masallaci cewa shi bai ga komai a ajin Mushe ba sai hura, wanda ke tsoron hura ya riƙe ɗansa a gida.

Na kafa doka, na faɗe ta da fuska a murtuke. Zan ba da umarni da Ingilishi: ludayi a kan faifai, ko a ƙarƙashin tebur, ko a jikin zana. Wanda ya yi daidai ya sha ludayi ɗaya, ladansa ke nan. Wanda ya kuskure ya sha biyu, horonsa ke nan. Bokitin ƙari yana bayan zana. Ba sadaka nake rabawa ba, darasi ne, don haka ba yaron da zai je gida a ce an ciyar da shi a lakwal. Kafin kwana uku sun gano ni. Sai ka ga yaro ya ji umarni, idonsa ya je kan faifai, hannunsa ya kai ludayin ƙarƙashin tebur, ya sunkuyar da kai kamar ya ji kunya. Ku lura, ku masu waya: kafin mutum ya kuskure da gangan sai ya san daidai. Ban taɓa riƙe ajin da ya san kalmar nan kamar su ba, ban kuma taɓa riƙe wanda ya faɗi ta kamar su ba. Daga masu kuskure na san gidajen da wuta ba ta tashi, ban tambayi kowa ba.

Yara suka riƙa dawowa, yau uku, gobe biyar. Kafin mako na biyu ya raba, benci duk ya cika, sai wuri ɗaya a layin gaba.

Ban je gidan Baba Nomau roƙo ba. Da na tsaya a ƙofarsa zai karanta a fuskata cewa na sani, shi ke nan an rufe maganar. Ranar Alhamis da safe darakta ya shigo da takardar sunaye da biro. Ya ce gobe Juma'a mota za ta tafi da ita, sunan Rabi kaɗai ya rage, zai soke shi. Na ce ya bar shi. Ya ce doka ce. Na ce in ya soke nata ya soke nawa daga cikin malamai, ya aika su tare. Ya ce ya ba ni zuwa safiya, ba don ni ba, don yarinyar.

Da ƙarfe goma aka fita hutu, yara suka watse ƙarƙashin itatuwa. Ina goge allo na ji sallama. Baba Nomau ne a bakin zana, da farar rigar nan. Ya ce, "Na zo in ga tsahin da idona." Na ce bisimilla. Ya shigo ya duba ko'ina, ya zauna a layin gaba, daidai wurin da ba kowa. Bencin ya yi masa kaɗan, gwiwoyinsa suna dukan tebur.

Ya ce, "An ce akwai doka."

Na faɗa masa: daidai ɗaya, kuskure biyu, kuma baƙo ma in ya zauna a benci doka ta hau shi. Na miƙa masa ludayin. Na faɗi umarnin da Ingilishi, sannan na yi abin da ban taɓa yi wa ɗalibi ba, na fassara. Na ce, "Baba, cewa na yi ka aza shi bisa faifai."

Ya riƙe ludayin. Ya kalli faifan, ga shi nan a gabansa, ko hannu ba sai ya miƙa ba. Ya ɗago ya kalle ni ido cikin ido. Sannan ya sunkuya a hankali ya ajiye ludayin a ƙasa, kusa da takalminsa.

Ya ce, "Na kuskure, Mushe."

Na ɗauka na ɗauraye, na cika shi har baki. Ya sha. Na sake cikawa, ya sha, a hankali, hannunsa biyu a jikin ludayin. Ni dai na juya ina gyara allin da ba ya bukatar gyara. Ya miƙe, ya kakkaɓe riga. A bakin zana ya tsaya, bai juyo ba.

"Ranan nan gaban maigari an tambaye ka."

"Ba a tambaye ni angile ba, Baba."

Ya ce, "Wane lokaci motar ka tashi gobe?"

Da na iso makaranta ran Juma'a, Rabi ta riga ni, tana zaune a wurinta da littafinta a buɗe. Darakta ya zo ya leƙa, ya gan ta, ya mayar da biro aljihu ya tafi tasha da takardarsa. Sai dai yarinyar nan ɗiyar ubanta ce: ko sau ɗaya ba ta yarda ta kuskure ba. Dole na ƙaro doka, cewa wanda ya yi daidai sau uku a jere ya sha ƙarin uku. Ta ci jarrabawarta, yau tana aikin jinya wajen Bonkuku. Damina ta zo da kyau, da kaka na tashi na tarar da dami biyu na hatsi a ƙofar gidana, ba saƙo ba suna. Har Baba Nomau ya rasu bai taɓa ce mini ya gode ba, ni ma ban taɓa ce masa na sani ba.

Ƙwaryar tana nan rataye a ɗakina. Ta tsage sau biyu, Haju ta kai an ɗinke ta. Kai saurayi mai waya, in wannan ya iso gare ka, ka zo ka ara, ba zan hana ka ba. Ka fara duba fuskokin 'yan ajinka tukuna, ka ga wa ke kuskure da wanda ya ƙi kuskurewa. Kuma ka sani ba a kai ta aji wofi.